Bin Gaɓar Luwar a Kan Keke

Kogin Luwar shi ne mafi tsawo a Faransa. Daga duwatsun kudu yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita 1,000 da ɗoriya kafin ya zuba a tekun Atalantika. A tsakiyar tafiyar tasa, inda ƙasa ta kwanta shi kuma ya baje tsakanin tsibiran yashi, nan sarakunan Faransa suka fi son zama a ƙarni na 15 da na 16. Inda sarki ya sauka kuwa, nan fadawa da ma'aji da masu neman shiga suke sauka, sai kowa ya tayar da gida na kece raini. Gidajen suna nan har gobe. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa wajen kilomita 280 na wannan kwari cikin kayan gadon duniya, kuma ba gine-gine kaɗai ta duba ba, har da kogin kansa, da gonaki, da ƙauyuka, da irin zaman da mutane suka yi da ruwa tun kaka da kakanni. Akwai motocin da ke ɗauko baƙi daga Faris da sassafe, a zaga da su fada uku, a mayar da su da dare. Wanda ya yi haka ya ga fadoji, amma bai ga ƙasar da ta haife su ba, balle hannuwan da suke riƙe da su. Shi ya sa na zaɓi keke.

Tsarin tafiyar ba shi da wuya. Akwai hanyar keke mai kusan kilomita 900 da ta bi kogin har bakin teku. Jihohi biyu ne suka haɗa hannu suka shimfiɗa ta, kuma duk shekara mutum sama da miliyan ɗaya ke bin ta. Wani wurin kwalta ce da mota ba ta shiga, wani wurin 'yar hanyar ƙauye ce da sai jefi-jefi ka ci karo da tarakta. A kowace mararraba akwai ɗan allo mai hoton keke da kibiya da sunan gari na gaba. Ayarinmu ƙarami ne: ma'aurata da suka yi ritaya, da wata uwa da 'yarta, sai ni. Jagorarmu 'yar birnin Tur ce, tarihi ta karanta, kuma kafin ka gama shan ruwa ta cire taya ta yi faci ta mayar. Da safe kowa ya ajiye jakarsa a ƙofar masauki, mota ta zo ta kwashe, da yamma mu tarar da su a masauki na gaba. Abin da ke tare da kai hular kwano ce da gorar ruwa da rigar ruwa a 'yar jakar da ke rataye a kariya. A wuni akan yi kilomita 30 zuwa 50, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, masu ciwon gwiwa ma an ba su keke mai batir. Iska ce kaɗai abokiyar gardama, domin daga yamma ta fi kaɗawa, mu kuwa yamma muka dosa.

Daga Buluwa muka tashi, garin da ya hau tudu yana kallon ruwa, fararen bangaye, baƙin rufi, jan bulo a bututun hayaƙi. Muka tsallaka tsohuwar gadarsa ta dutse da aka gama a 1724, muka bi gaɓa, sannan muka kutsa daji. Gidan sarauta na Shambor ba ya bari a hango shi daga nesa. Katanga mai tsawon kilomita 32 ta kewaye dajinsa, wanda faɗinsa ya kai wajen rabin birnin Faris, cike da bareyi da aladun daji. Kana cikin taka feda tsakanin itatuwa sai hanya ta miƙe, sai ga shi can ƙarshenta gaba ɗayansa. Duk ayarin muka ja birki, ba wanda ya ce wa wani tsaya.

Ƙasan ginin natsattse ne, da hasumiyoyi masu kauri a kusurwoyi. Samansa kuwa gari ne guda: bututai, da ƙananan hasumiyoyi, da tagogi, kowanne da nasa adon, an jera baƙin dutse a jikin fari. Sarki Faransuwa na Ɗaya ne ya sa aka aza harsashinsa a 1519, yana matashi, idonsa ya cika da gine-ginen da ya gano a yaƙin Italiya. Ɗakuna sun haura 400, murhu 282. A tsakiya akwai matakalar da ake tasowa daga uwa duniya don a gani. Matakala biyu ce ta nannaɗe juna a jikin ginshiƙi ɗaya. Jagorarmu ta raba mu biyu, wasu ta nan wasu ta can, muka yi ta hawa muna hango juna ta 'yan tagogin tsakiya, amma ba mu haɗu ba sai a sama. Masana da yawa suna ganin tunanin Leonardo da Vinci a cikinta, ko da yake ya rasu 'yan watanni kafin a fara ginin.

Sai dai mai gidan bai zauna a cikinsa ba. In an tara duk kwanakin da ya yi a Shambor ba su wuce 'yan makonni ba, kuma ya mutu a 1547 ba a gama aikin ba. Zuwa farauta yake yi, a biyo shi da gadaje da kujeru da labule a kan kekunan doki, in ya tashi a kwashe. Da hunturu sanyi, da zafi sauro. To, wa ya riƙe wannan gida shekara 500? Amsar tana can gefe, ƙarƙashin wata rumfa da baƙi ba su cika leƙawa ba. Farin dutsen da aka gina yawancin fadojin kwarin da shi mai laushi ne, da zarto ake yanka shi, shi ya sa yake karɓar ado, shi ya sa kuma ruwa da ƙanƙara suke cin sa. Kullum akwai inda ya zaizaye. A rumfar na tarar da wani saurayi, gashinsa da girarsa duk sun yi fari da ƙura, ga tsohon dutse da ya rududduge a hagunsa, ga sabo a damansa. Yana ɗora ma'auni a kan tsohon, ya ja layi da fensir a kan sabon, ya ɗan buga kurfi sau biyu, ya hure, ya shafa da tafin hannu, ya sake aunawa. Ganye ɗaya yake fitarwa, wanda za a ɗora can ƙololuwa inda ba mai ganinsa sai tsuntsu. Bai ɗago kai ba har muka tafi. Jagorarmu ta ce irinsu da yawa 'yan wata tsohuwar ƙungiyar masu sana'ar hannu ne, inda yaro yake shafe shekaru yana yawo gari-gari, yana koyon aiki a hannun iyayen gida daban-daban, sannan ya gabatar da aikin gwaninta a gaban manyan sana'a kafin su karɓe shi. UNESCO ta sa wannan tsari cikin gadon duniya a 2010, kuma a Tur akwai gidan tarihi da aka tara irin waɗannan ayyukan gwaninta. Tun daga wannan rumfa na daina tambayar wane ne ya gina, na koma tambayar wane ne yake kula.

Hanyar Ambuwaz a kan wani dogon tudu take bi, wanda mutane suka ɗaga da hannu don tare ambaliya. Aikin ya samo asali tun ƙarni na 12, zamanin Hanri na Biyu, sarkin Ingila wanda kuma shi ne mai mulkin wannan yanki, kuma kowane zamani ya zo sai ya ƙara masa tsayi. A dama ga kogi, ruwa kore-kore yana tafiya a hankali, zalɓe a tsaye a kan yashi, da jiragen katako masu shimfiɗaɗɗen gindi a ɗaure a bakin gaɓa. Irinsu ne a da suke dakon gishiri da dutse da ganguna, kafin jirgin ƙasa ya zo a tsakiyar ƙarni na 19 ya karɓe cinikin. A hagu ga gonakin alkama sun fara ja. Kada lafawar ruwan nan ta ruɗe ka. A jikin bangon gidajen bakin kogi an sassaƙa layi da shekara, 1846, 1856, 1866, inda ruwa ya kai a manyan ambaliyoyi uku, kuma wani layin sai ka ɗaga kai kake ganinsa.

A wannan hanya na fahimci matsayin keke a wurin mutanen nan. Ba a yi wa mai keke kallon wanda ya rasa mota. Ga tsoho mai farin gashi da rigar tsere, ga uba yana jan 'ya'ya biyu a ɗan amalanke mai rumfa, ga mata da miji a kan keke mai sirdi biyu. Inda hanyarmu ta haɗu da ta mota, direba yakan lallaɓa a bayanka har ya sami sarari, domin doka ta ce a bar wa mai keke mita ɗaya da rabi a wajen gari. Abin yana da tushe. A 1936 gwamnati ta ba kowane ma'aikaci hutun mako biyu da albashinsa, kuma da yawa a kan keke suka fara fita ganin ƙasarsu. Yanzu hutun mako biyar ne. Duk wanda kuka yi kiciɓis da shi sai ya ce bonjur, kuma ba a shiga kanti a nemi kaya sai an gaida mai shi. Da rana ta take, kantunan ƙauye suna rufewa har wajen ƙarfe biyu, domin ba a cin abinci a tsaye. Mu ma sai mu jingine kekuna a gindin itace, a shimfiɗa mayafi, a fito da dogon burodi mai ɓawo, da tumatir, da cuku, da 'ya'yan itatuwa. A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, saboda haka ba mai gaggawa. Idan lokacin salla ya yi na koma gefe a kan ciyawa, abokan tafiya sukan jira ni ba tare da kowa ya duba agogo ba.

Ambuwaz kowa Leonardo yake zuwa nema. Sarki Faransuwa ya gayyato shi daga Italiya a 1516 yana da shekara 64, ya zo da zane uku, ciki har da Mona Lisa, aka ba shi wani gidan jan bulo kusa da fada, a nan ya rasu ranar 2 ga Mayu, 1519. Kabarinsa yana cikin wata 'yar majami'a a bakin ganuwa, kullum da layi. Muna fitowa sai jagorarmu ta ce, "Mushe, zo, akwai inda nake so ka gani." Muka hau can saman lambu, nesa da hayaniya, inda aka jera duwatsu 25 masu rubutun Larabci.

Maƙabarta ce. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, malami ɗan malami, ɗan gidan Ƙadiriyya, ya yi shekara 15 yana fafatawa da sojojin Faransa, daga 1832 zuwa ƙarshen 1847. Da ya ajiye makami, an yi masa alkawarin za a kai shi Iskandariya ko Akka. Aka saɓa alkawarin. Aka tsare shi a kudancin Faransa, sannan a 1848 aka kawo shi wannan fada, shi da mahaifiyarsa da matansa da 'ya'yansa da mabiyansa. Mutanen da suka saba da rana aka zuba su a ɗakunan dutse masu danshi a bakin kogi. Cikin shekara huɗu mutum 25 suka rasu, da yawansu mata da ƙananan yara. A watan Oktoba na 1852 shugaban ƙasar na lokacin, Luwi Napoliyon, ya zo da kansa ya sanar da shi an sake shi. Wannan mutumin da aka ci amanarsa shi ne a 1860 ya buɗe gidansa a Dimashƙu, ya fita da mutanensa ya kuɓutar da dubban Kiristoci daga kisa. A 2005 wani mai zane ɗan Aljeriya, Rashid Ƙuraishi, ya tsara wannan lambu. An kawo duwatsun daga Halab, an sassaƙa ayoyi a jikinsu, aka kuma shuka jerin wani tsiro mai ƙamshi wanda ya miƙe yana nuna alƙibla. Na tsaya na yi musu addu'a. Da na shafa, sai na ga jagorarmu tana tsaye a baya, ta cire hular kwano ta riƙe a hannu. Kyan fada ba ya goge abin da Faransa ta aikata a ƙasashen da ta mallaka, kuma ban zo don in manta ba. Amma na yaba da cewa an bar labarin a fili, an rubuta shi a allo, kuma akwai mai zuwa ya cire ciyawa tsakanin duwatsun nan.

Ranar Lahadi kasuwar Ambuwaz take ci, a bakin kogi, rumfa bayan rumfa. A nan na tsaya wurin wata dattijuwa mai cukun akuya. Cukun yankin dogo ne, an birgima shi a garin gawayi da gishiri, kuma an soka masa tsinken karan hatsi tun daga wannan baki har wancan, don ya riƙe shi kada ya karye. Ta zaro tsinken ta nuna mini: an rubuta lambar mai yin sa a jiki, ta yadda in ya yi daɗi ko ya ɓaci an san ƙofar da za a buga. Ta yanko mini na kwana goma, mai laushi da ɗan tsami, sannan na wata guda, mai tauri da kaifi. Na ce, "Madam, wannan na biyun." Ta gyaɗa kai ta naɗe shi a takarda. Mutanen yankin suna ba da labarin cewa kakanninsu sun koyi wannan sana'a daga matan Larabawa da suka rage bayan yaƙin 732, lokacin da rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi ta iso tsakanin Tur da Puwatiye. Hikaya ce ta baka, amma da alfahari suke faɗin ta.

Wanda ba ya cin naman alade sai ya yi tambaya, domin abincin da Tur ta yi suna da shi dakakken naman alade ne da ake shafa wa burodi, kuma miyar man shanun da ake zuba wa kifin kogi akan sa mata giya. Tun ranar farko na gaya wa jagorarmu, ita kuma ta riƙa buga waya gaba. Duk inda muka sauka sai in tarar an san da ni. A wani masauki mai dafa abincin ya fito da kansa ya ce ya yi mini miyar da lemun tsami, ya tsaya har na ɗanɗana. Abincin dare yana ɗaukar awa biyu, kaɗan-kaɗan, wannan na bin wannan, a rufe da gasasshiyar tuffa da aka dafa cikin sukari da man shanu har ta yi ja.

Shenonso gida ne da aka gina a kan ruwa. Kogin Sher yana wucewa ta ƙarƙashinsa, tsakanin ƙafafun gada. Tarihinsa a hannun mata yake. Matar wani ma'ajin sarki ce ta tsaya kan gininsa tun daga 1513. Sarki Hanri na Biyu na Faransa ya ba farkarsa Diyan, ita ta sa aka yi gadar. Da sarkin ya mutu a 1559, uwargidansa Katarina ta karɓe gidan, ta ɗora wa gadar dogon zaure mai mita 60, tagogi dama da hagu, daɓen fari da baƙi, hasken ruwa yana rawa a rufi. A yaƙin duniya na farko an jera gadaje a zauren nan, aka yi jinyar sojoji fiye da 2,000. A yaƙi na biyu kuma kogin Sher ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, saboda haka ƙofar shiga tana wannan ɓangare, ƙofar ƙarshen zaure tana wancan, kuma an tsallakar da mutane da dama ta nan. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne madafa, wadda aka yi a cikin ƙafafun ginin da ke tsaye cikin ruwa, da tukwanen jan ƙarfe da ake gogewa har yau, da 'yar ƙofar da jirgi ke tsayawa a miƙo kayan miya. Kowane ɗaki kuma da sabbin furanni, daga lambun gidan ake yanko su, akwai ma'aikatan da wannan ne aikinsu shekara da shekaru.

Daga nan hanya ta hau tudun Monluwi, inda gonakin inabi suka miƙe layi-layi iyakar ganinka. Ni ba na shan giya, kuma ba wanda ya matsa mini. Da muka sauka gidan wani manomi aka jera wa abokan tafiya kofuna, ni sai ya ɗauko mini ruwan inabi wanda bai tsima ba, daga itatuwan nan dai. Amma noman ya ja hankalina ƙwarai. Ya ɗebo ƙasa ya nuna mana tsakuwar da ke ciki, ya ce gonar da ke tsallaken hanya ɗanɗanonta daban, alhali iri ɗaya aka shuka. Da hunturu yana bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya yana datse rassa da almakashi. A watan Afrilu, in sanyi ya sauko bayan toho ya fito, kwana suke yi a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin layuka, domin dare ɗaya yana iya cinye amfanin shekara, kamar yadda ya faru da manoma da yawa a 2021. Kakannin kakanninsa sun ga abin da ya fi haka. A shekarun 1880 wani ƙwaro da ya shigo daga Amurka ya iso kwarin yana cin saiwa, gonaki suka mutu ƙurmus. Mafitar da aka samu ita ce aure: aka riƙa aura inabin Faransa a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Ya durƙusa ya nuna mana ƙullin auren a gindin itace. Sannan ya kai mu rumbunsa, wani kogo a cikin tudu, inda aka haƙo dutsen gina fadoji. Muna shiga sanyi ya rufe mu, irin na cikin randa. Rani da hunturu ma'aunin zafi yana nan wajen 12. Ramin da magina suka bari shi manoma suka gada.

Tur muka ratsa ta da hantsi, muka bi Sher zuwa Bilandiri. A nan ba ginin ake zuwa gani ba, lambun ne. Wani likita ɗan Sifen, Yowakim Karbalo, da matarsa Ba'amurkiya suka sayi gidan a 1906, ya ajiye aikin bincikensa, ya shiga tsofaffin littattafai yana neman yadda lambunan ƙarni na 16 suke, ya mayar da wurin haka. Zuriyarsa ce ke riƙe da shi har yanzu. Ka hau bene ka leƙo: fili ne mai faɗin hekta guda an raba shi gida tara, kowane gida da nasa zanen, kuma launukan zanen duk kayan miya ne. Jan kabeji, koren latas, karas, albasa, seleri, an jera su yadda shuɗi zai zauna kusa da ja, fari kusa da kore. Sau biyu ake shuka a shekara, kuma ba a maimaita iri a wuri ɗaya, don kada ƙasa ta gaji. Masu lambun ba su wuce kimanin goma ba, kuma tun 2009 suka daina fesa maganin kamfani, suka koma cire ciyawa da hannu da sakin ƙwarin da ke cin ƙwari. Na sauka na tsaya kusa da ɗaya daga cikinsu yana yi wa shinge aski. Ya ja igiya daga wannan turke zuwa wancan, yana bin ta da almakashi, bayan kowane taku sai ya ja da baya ya karkata kai ya duba. Shingayen nan in an miƙe su kilomita ne masu yawa, kuma kafin ya kai ƙarshe farkon ya sake tohowa. A cikin gidan akwai wani rufin katako da aka kawo daga yankin Toledo, aikin masassaƙan Andalus na ƙarni na 15, guntaye 3,600, an yi shekara guda ana haɗa su. Na daɗe a ƙarƙashinsa, amma hankalina yana wurin mai almakashi. A ganina noman kabeji da aka yi da irin wannan natsuwa bai gaza zanen Leonardo daraja ba.

Fadar Use, wadda ake cewa ita ta haifar da tatsuniyar gimbiyar da ta yi dogon barci, daga bakin gada muka kalle ta muka wuce. Gaba kaɗan sai farin tururi ya bayyana a sama. Tashar nukiliya ce ta kusa da Shinon, wadda ta fara aiki a 1963. Wajen kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga irin waɗannan tashoshi yake fitowa, kuma shekaru da dama wani kaso na yuraniyom ɗin da suke ci daga Arlit ta Nijar aka riƙa haƙo shi, tun 1971. Na yi wannan zangon ban ce komai ba, ina tunanin garuruwan Nijar da har yau suke kwana a duhu.

A mahaɗar kogin Biyan da Luwar hanya ta bar ruwa ta hau zuwa Fontabaro, babban gidan ibada da aka kafa a 1101, inda mata 36 suka yi shugabanci ɗaya bayan ɗaya, maza da mata duk a ƙarƙashinsu. Napoliyon na Ɗaya ya mayar da shi kurkuku a 1804, kuma bai daina zama kurkuku ba sai 1963. A tsakiyar majami'ar, a fili fetal, akwai siffofin sarakunan Ingila a kwance: Hanri na Biyu mai tudun tare ambaliya, da ɗansa Ricad Mai Zuciyar Zaki wanda ya kara da Salahuddin Ayyubi, da uwargidan Hanri, Eliyano, wadda aka sassaƙa ta riƙe da littafi a buɗe.

Zangon ƙarshe a gindin wani dogon dutse yake bi, kuma dutsen duk gidaje ne. Ƙofa da taga a jikin tudu, labule, tukunyar fure, bututun hayaƙi ya ɓullo ta cikin gonar inabin da ke sama. A ƙauyen Turkan, lokacin da ƙwaron nan ya kashe inabi, mutane suka koma busar da tuffa a tanderun cikin kogo, suna bubbuga ta da 'yar guduma har ta baje, ta yadda za ta daɗe ba ta lalace ba. Har yanzu akwai masu yi. Wasu kogunan kuma laimar kwaɗi irin wadda ake ci ake nomawa a cikinsu, cikin duhu, kuma kaso mai tsoka na wadda Faransa ke ci daga wannan yanki yake fitowa.

Somur garin dawaki ne. Tun 1825 makarantar sojan doki take nan, kuma malamanta masu baƙaƙen kaya sun yi suna a duniya. Da safe muka je kallon atisaye a bayan gari. Mahayi yana zaune ɗyam, hannunsa ba ya motsi, ba bulala ba tsawa, doki kuwa yana taku a wuri ɗaya, ya karkata, ya ɗaga ƙafafun gaba, ya sauke a hankali. Wanda ya san doki ya san shekarun da ke bayan wannan. Bayan an gama, mahayin ya sauka ya sassauta majanyi da kansa, ya ja dokin zuwa barga a ƙasa.

A bakin gadar Somur muka miƙa kekuna, mai mota ya duba sarƙa da birki ya loda su. Uwa da 'yarta suka ce su ba su gama ba, sai sun ga teku, jagorarmu ta shimfiɗa taswira a kan sirdi ta zana musu hanyar Anje da Nant. Sauranmu muka nufi tasha. Da rani jiragen ƙasan da ke bin kwarin suna da tarago na kekuna, da ma'aikacin da ke karɓa ya jera, kuma a dandamalin akwai wani ayari da ya sauko da nasa kekunan, zai fara daga inda muka tsaya.